Yadda za ki ciyar da gida mako guda da jaka 14 a Tahoua

Mafi yawan kuɗin cefane a ƙofar gida suke zurarewa. Da safe a aiki yaro ya sayo man dala 10 da sukarin dala 10, da hantsi a tuna babu magi, da la'asar mai tallar awara ta yi sallama yara su kewaye ta. Kowanne ɗan kaɗan ne, shi ya sa ba wanda ke lissafa shi. Sai Laraba ta yi a duba a ga kuɗin da aka ce na mako ne sun tafi, hatsin da ya rage a ɗaki kuma bai cika tiya ba. Maganin abin shi ne a juya tsarin: ranar da kuɗi suka shigo hannu a fara kulle abin da ke riƙe ciki, a bar wa sayen kullum abin da ba ya ajiyuwa kaɗai.

Zan yi misali da gida mai mutum 7, uba da uwa da yara 5, da jaka 14 a mako, wato jaka 2 a yini. Da dala da jaka zan yi lissafin kamar yadda muke yi a kasuwa, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya dala 200. Na san gidaje da yawa ko wannan ba sa samu. Mafi ƙarancin albashin da hukuma ta ƙayyade tun farkon 2024 jaka 42 ne a wata, kuma a ciki ake fidda haya da ruwa da kuran. Shi ya sa can ƙasa na kawo abin da ake fara yankewa in kuɗin ba su kai ba. Farashi kuwa ba ya kwana inda ya yini, musamman tun 2023 da aka rufe iyakarmu da Benin, kayan waje suka koma zagayowa ta Lome da Burkina kafin su iso nan. Don haka kason za ki riƙe, adadin kuma ki daidaita shi da kasuwar makon da kike ciki.

Mataki na 1: ki san cin gidanki

Kafin a yi maganar kuɗi, ki ɗauki mako ɗaya kina awo. Ki samu tiya taki ta kanki, ko wani kwano da kika tabbata tiya ce cif, ki daina ɗibar hatsi da ido. Ido yana ƙari, musamman ranar da buhu ke cike. Duk sa'ad da kika ɗiba don hura ko tuwo, ki ja layi da gawayi a bangon madafa. Haka shinkafa, haka wake, haka mai. In mako ya zagayo ki ƙirga layukan.

Tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka. Gida irin na misalinmu, in an haɗa hura da tuwo da kunu, tiya ɗaya da ɗan ɗori yake ci a yini. Naki zai fi haka in kina da samari masu aikin ƙarfi.

Ki ƙirga har da bakunan da ba a rubuta ba: almajirin da ke wanke miki kwanuka, tsohuwar da ake kai wa kwano kowane dare, dangin ƙauye da kan sauka ranar kasuwa. Ba cewa nake a daina ba, babu gidan da zai so a san shi da rufe tukunya. A dai sa su cikin awo tun farko, kada su zama abin da ke ɓata lissafi ranar Alhamis.

Mataki na 2: ki raba kuɗin tun ba su kwana ba

Kuɗin da suka kwana a dunƙule kowa yana ganin da sauransu, har ke. Ki samu gwangwanaye ko ƙullin ƙyalle, ki kasa su a ranar da suka zo. Rabi cif, jaka 7, na hatsi da wake da shinkafa ne, kuma wannan kason ba a taɓa shi don komai. Jaka 2 na mai da gishiri da sukari da busassun kayan miya. Jaka ɗaya da rabi na wuta. Jaka ɗaya na nama ko kifi. Jaka 2 na sayen kullum, wato niƙa da nono da ɗanyen ganye. Su ki canza su zuwa ƙananan kuɗi ki kasa bakwai, kowace rana ta samu dala 55 zuwa 60, in ta ƙare ta ƙare. Dala 100 da suka rage ajiya ce, zan dawo kanta.

Shayin maigida da abokansa, katin waya, gudummawar biki, sabulun wanki, duk ba sa cikin wannan. Gara a zauna a yi maganar sau ɗaya cikin ladabi: "Maigida, ga abin da kuɗin nan za su ɗauka, ga wanda ba za su ɗauka ba." Da yawan rigimar cefane daga nan take tasowa, shi yana ganin ya bayar, ita tana ganin an bi ta baya an kwashe.

A Adar gidaje da dama ba da kuɗin mako suke rayuwa ba, da aiken 'yan bida, wato masu tafiya neman kuɗi, suke, daga Abijan ko Libiya ko wani wurin, kuma aiken ba shi da rana. In haka gidanki yake, ranar da kika karɓo kuɗi ki fara tambayar kanki makonni nawa aiken baya ya ɗauka kafin wannan ya zo, ki ƙara biyu a kai, ki sayi hatsin wannan tsawon gaba ɗaya tun ba ki isa gida ba. Sauran ne za ki kasa mako-mako.

Mataki na 3: kasuwar Lahadi

Lahadi ce babbar ranar kasuwar Tahoua, ita ya kamata a mayar farkon makon cefane ko da kuɗin tun Juma'a suka shigo. Maigida, in kai ne mai zuwa kasuwa, wannan sashen naka ne. Ka karɓi lissafi daga bakin mai girki kafin ka fita, ita ta san abin da ya ƙare. Kada a je da yunwa, kada a je da yara.

Hatsi ake fara saye, da safe, tun mutanen ƙauye na sauke kaya. Wanda ya kawo 'yan tiyoyinsa don ya samu kuɗin magani ko na sabulu yakan fi ɗan kiri sauƙi, don shi so yake ya sayar ya juya. Amma kada ki tsaya a wurin farko. Ki tambayi mutum uku ki ji bakin kasuwa, sannan ki taya. Ki zura hannu har tsakiyar buhu, kada ki yarda da na sama. Ki ɗebo ki murza a tafin hannu ki busa: in ƙaiƙayi da ƙura sun tashi da yawa, ko yashi ya kwanta a tafinki, kin san wani kaso na kuɗinki ƙasa za ki saya da shi. Ki ciza ƙwaya ɗaya. Busasshen hatsi ƙaras yake yi a haƙori, mai danshi kuwa taunuwa yake, kuma ba ya jimawa bai yi wari ba. Sannan ki sa ido a awo. Tiya suna ta tara, wata an buga gindinta ya shige ciki, wata kuma hannun mai awo ne ke share tozon kafin a juye.

"Alhaji, a cika mini ita ta yi tozo, ga yara a gida."

"Hajiya, ai wannan har zuba take."

"To a sa gyara, tiya 6 fa zan ɗauka."

Gyara ba roƙo ba ce, rabon mai sayen da yawa ce, wanda ke sayen rabin tiya kullum kuma ba ya ganinta. In kin koma gida ki sake aunawa da taki tiyar. Wanda awonsa ya cika ki riƙe shi ya zama abokin cinikinki, wata rana shi zai ɗaga miki ƙafa.

Abin da kike nema da jaka 7 ɗin shi ne tiya 6 ta tsaba, tiya ɗaya ta wake, da shinkafa kamar kilo 3. A cikin tiya 6 ɗin, in hatsi na da sauƙi ki sa biyar hatsi, ɗaya dawa ko masara. In ya hau ya bar su a baya, kamar yadda yakan yi daga bazara zuwa damina, sai ki juya: hatsi na hura da kunu kaɗai, tuwo kuma na dawa ko masara. Shinkafa ita ce mai cin kuɗi ba tare da ta riƙe ciki kamar tuwo ba, kwana biyu a mako ya ishe ta, kuma karyayya ta fi doguwa sauƙi, in an dafa da wake ba mai tambayar tsawonta. Taliya da makaroni kuwa, a ganina su ne mafi ƙarancin albarka a gida mai yawa. Yara suna so, gaskiya ne, amma leda biyu ba ta isar mutum 7, kuma kafin la'asar an dawo ana leƙa tukunya.

Wake ne kada ki yarda ki rage. Shi ne naman gidan da ba ya iya sayen nama kullum. Ki duba shi da kyau, in kin ga ƙananan huji ko fararen ɗigo manne a bayansa, ƙwari sun riga ki, ki wuce gaba.

Ɗanyen kaya kuma da yamma ake sayensa, lokacin da mai tumatir da mai shu ke son tashi kada su koma gida da abin da zai ruɓe. Kashin da aka hana ki da safe, da yamma har kira ake yi. Tumatirin da ya ɗan yi laushi bai lalace ba, ki niƙa shi a daren ki tafasa har ruwansa ya tsane, ki zuba ɗan mai a sama, zai kai ki kwana biyu. Wanda ya fashe yana tsami ko ya yi farin fumfuna, ko kyauta aka ba ki ki bar shi.

Mataki na 4: mai da kayan miya

A nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma ba sai na ba ki lissafi ba, ki gwada da kanki. Ki sayi ƙullin man dala 10 a shagon unguwa, ki juye shi a ƙaramin kofin shayi ki ga inda ya tsaya. Ki lissafa ƙulli nawa ne za su cika kwalbar lita ɗaya, ki ninka da dala 10, ki gwada da kuɗin lita a kasuwa. Ki yi haka da sukari da gishiri. Ba laifin mai shago ba ne, leda yake saye, zama yake yi yana ƙullawa, ribarsa ke nan. Amma ke ce ke biyan ladan ƙullin sau bakwai a mako.

Sai dai lita ma tana da nata tarkon. Mai in yana da yawa a kwalba hannu sakewa yake. Ki ɗauki ƙusa ko alƙalami ki yi wa kwalbar layi bakwai daga sama zuwa ƙasa, kowace rana layi ɗaya. Ranar tuwo da miyar kuka ba za ki kai layin ba, sai rarar ta amfani ranar shinkafa.

Busassun kayan miya ki haɗa su ki daka sau ɗaya ranar Lahadi: kauɗa, busasshen tattasai, tonka daidai yadda gidanki ke ci, gabu, citta da masoro. Ki zuba a kwalba mai murfi, kullum cokali biyu ko uku. Daddawa ki ajiye daban, ta kalwa ko ta batso, duk wadda kika saba. In miya ta ji daddawa da garin busasshen kifi, dunƙulen magi ɗaya ya ishe ta a maimakon uku. Gishiri ki nemi mai sinadarin ayodin saboda maƙoƙo da lafiyar yara, ki rufe shi kada ya sha iska da rana.

Mu a nan muna da wata dama da mutanen Yamai ke sayenta da tsada: a ƙasar albasa muke. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ake haƙar ta Galmi da Tamaske da sauran fadamu, albasa zubewa take a kasuwa, amma kafin ƙarshen shekara sai ka ga ana kasa uku-uku ana cewa albarka. Lokacin arharta ki sayi kwano guda fiye da buƙata, ki yanka siri-siri ki shanya a tabarma, ki rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Haka tumatir lokacin ɗari, ki tsaga biyu ki shanya ki samu kauɗarki. Haka guro da kaka. Ganye kuwa, zogale da yakuwa da tafasa da kuka, a inuwa ake shanya su don kada rana ta cinye korensu. Matar da ta yi wannan shanyar wata uku a shekara, kason miyarta na sauran watanni kusan mai da gishiri ne kawai.

Jaka ɗaya ta nama ba za ta ba kowa tsoka ba, kada ma a yaudari kai. Ki ce wa mahauci ya ba ki ƙashi mai ɓargo da ɗan kitse na rabinta, shi zai ɗanɗana miyar kwana biyu. Sauran rabin ki sayi busasshen kifi, irin wanda ke zuwa daga Tabalak ko wani, ki gyara ki ɗan gasa ki daka har da ƙayarsa ya zama gari, kullum cokali ɗaya a miya. Ta haka ƙaramin yaro ma ya samu, ba kamar yanka uku da za su tafi kwanon manya ba. Da damina ƙwan zabi yana arha, da ɗari fara tana fitowa, duka biyun sun fi nama sauƙi a lokacinsu.

Mataki na 5: aikin daren Lahadi da safiyar Litinin

Abin da kika sayo ki kasa shi tun bai shiga ɗaki ba. Tsabar tuwo ta kwana uku ko huɗu ki surfa ki wanke ki kai niƙa sau ɗaya, ki baza garin ya huce ya bushe kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi tsami. Niƙa kaɗan-kaɗan kullum asara biyu ce, ga kuɗin, ga abin da inji ke riƙewa a cikinsa kowane zuwa. Dusa kada ta tafi kyauta: in kina da akuya ko kaji tasu ce, in babu ki tara, masu kiwo suna saye. Tsakin da ya rage a rariya na dambu ne ko fate.

Sannan ki yi garin kunun yara, wannan yana cikin abubuwan da na fi ba muhimmanci. Gwangwani 3 na hatsi, gwangwani ɗaya na wake ko waken soya, rabin gwangwani na gyaɗa. Ki tsince gyaɗar sosai, duk wadda ta yanƙwane ko ta yi baƙi ko ɗaci ki zubar. Ki soya kowanne daban ba mai har ya yi ƙamshi, ki cire ɓawon waken da na gyaɗar, ki haɗa a niƙa. Kunun wannan garin da kauri ake yinsa, ba tsararo ba. Yaron da ya wuce wata 6 yana shansa tare da nonon uwa, 'yan lakwal kuma in sun sha kofi guda kafin su fita, kuɗin kashewar da suke nema ya ragu.

Mataki na 6: me za a dafa

Da safe kunu, ko ɗumamen tuwon jiya. Da rana hura, ita ce gatanmu, dama ɗaya ta yini ana sha, manya da yara. Ki ajiye kuɗin nono a kason kullum, don hura ba nono farau-farau ce, tana cika ciki ba ta gina jiki. Ki raka ta da kwaɗo in akwai hali, na zogale ko rama ko tafasa ko shu, da garin ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Ƙuli-ƙulin dala 20 a kwaɗo ya fi fanken dala 20 amfani nesa ba kusa ba.

Girkin dare shi ake juyawa don kada a gaji. Lahadi da Litinin, tun ƙashi da ɗanyen kaya na nan, tuwo da miyar guro ko ta tumatir. Talata shinkafa da wake, amma waken ya fi yawa, kwano biyu na wake a kan ɗaya da rabi na shinkafa, da mai da yaji da albasa. Laraba dambu da zogale. Alhamis tuwo da miyar kuka da garin kifi, ko ɗan wake in kin niƙa garinsa. Juma'a ki ba yara dafa-dukarsu, da kabewa ko shu a ciki don ta yi auki. Gidan da ba a taɓa sakin fuska a tukunya ba, tsarin ba ya daɗewa, sai an fara satar hanya zuwa shago. Asabar ranar share ɗaki ce: faten tsaki da yakuwa, ko ƙanzon da kika tara cikin mako. Ƙanzo in kin kankare ki shanya ya bushe ƙarau, ranar buƙata ki jiƙa ya yi laushi ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tonka.

Rabo ma yana cikin tsari. Ƙananan yara a ba su kwanonsu daban, don a kwanon taro mai saurin hannu ne ke ƙoshi. Mai ciki da mai shayarwa kada su zama na ƙarshe. Shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci ga su da yara, don yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye.

Abin da ya kwana a kula da shi, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Miya a sake tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara sa cokali. Da safe ɗumame ya tafasa har tsakiya. Shinkafar da ta kwana a zafi ta fara yauƙi ko wari a ba kaji, kuɗin maganin zawo sun fi kuɗinta.

Mataki na 7: wuta

Wake ne ya fi cin itace. Ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo, zai nuna da wuri ba sai kin cika masa kanwa ba. In ya tafasa sosai kamar minti 20, ki sauke tukunyar da murfinta, ki naɗe ta da tsohon bargo ki sa cikin babbar roba ko kwali, ki rufe. Bayan awa uku zuwa huɗu za ki tarar ya nuna da zafin kansa, sai ki mayar wuta ya sake tafasa ki ƙarasa. Murhun duwatsu uku a fili iska yake ciyarwa. Ki kewaye shi da laka, ko ki nemi murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi wanda tukunya ke zama a cikinsa daidai. Ki jera aiki a wuta ɗaya, dawon hura na sauka miya na hawa, garwashin ƙarshe ya ɗumama ruwa.

Gaz, ga wadda ta samu kwalba, yakan fi sayen itace kashi-kashi sauƙi. Shekara da shekaru farashin hukuma na cika ƙaramar kwalba mai kilo 6 jaka ɗaya da dala 160 ne, ko da yake in ya yi ƙaranci a gari 'yan kasuwa kan ɗora nasu. Wahalar ita ce sayen kwalbar da kan murhun da farko, kuma wannan aikin ajiya ne.

Mataki na 8: daga tiya zuwa rabin buhu

Dala 100 ɗin nan da kike cirewa kowane mako, a wata biyar sun kai jaka 10. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kada ki bar su a ɗaki inda hannu ke kaiwa, ki zuba su a adashe ko a asusun mata irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a yankin Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasar nan. Ki roƙi a ba ki kwasarki da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da hatsi da wake suka fi arha. Kwasar da ta faɗo a watan biki atamfa take zama.

Hanya ta biyu ita ce cimaka mai rangwame da ofishin cimaka na gwamnati, wato OPVN, ke sayarwa a watannin tsada. An daɗe ana sayar da buhu mai kilo 100 a jaka 13, wato tiya ta faɗo kusan dala 65. Ba ya isar kowa, layi ne da jira, kuma akan ƙayyade abin da gida ɗaya zai samu. Ki sa kunne a rediyo, ki tambayi mai unguwa ranar farawa da takardar da ake nema, kuma kuɗin su kasance a hannu kafin ranar.

In kin sayi wake da yawa, ajiyarsa ce aikin. Ki shanya shi ya bushe sarai, ki zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban. Ko ki cika tsabtataccen bido har baki ki toshe murfin da leda, amma ba wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin gona ba. Rashin iska ke kashe ƙwarin, don haka kada a riƙa buɗewa kullum. Ki ɗebi na wata guda a lokaci ɗaya. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhu a ɗakin da mutane ke kwana kuwa, ki nisance ta, guba ce.

In makon ya zo da jaka 10 ko ƙasa

Nama ne ke fara fita, garin kifi ya tsaya. Sai shinkafa, kuɗinta su koma dawa ko masara. Sai sukari ya koma na kunun yara kaɗai. Niƙa ta koma turmi in akwai masu hannu a gida. Ajiyar dala 100 a dakatar da ita, amma kada a fasa wadda aka tara sai in hatsi ne ya yanke. Abin da ba a taɓawa shi ne wake, da ɗan man miya, da kunun ƙananan yara.

In bashi ya zama dole, ki ci na tsaba wurin mutum ɗaya da ya san ki, ki faɗa masa ranar biya, kuma ranar da kuɗi suka shigo shi za ki fara sallama kafin ki kasa sauran. Bashin ƙulle-ƙulle a shago uku shi ne ke cinye kuɗin mako mai zuwa tun ba su zo ba.

Makonni irin wannan in suka jeru, ki sa ido a kan ƙaramin yaron gidan. In kin ga yana ramewa, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya daina wasa yana ƙin abinci, kada ki jira kuɗi su zo. Ki kai shi likita mafi kusa a auna damtsensa da maɗaurin nan mai launi uku, ki tafi da katinsa na awo.